Bindigar Farauta a Titunan Omdurman

Maharbin da ya shiga dawa da kwari da baka a zamanin da ya san abin da yake tsoro: ɓauna mai rauni, ko kura, ko maciji a cikin ciyawa. In ya ƙara da wuƙa a ƙugu ko adaka a kafaɗa, don dabba ya yi. Yau kuwa duk mafaraucin da aka ji yana shawarar soke ƙaramar bindiga a wando kafin ya fita, ɗan'adam yake gudu. Wannan sauyi ya fito fili ƙwarai a Hartum da Omdurman, inda bindigar da aka ƙera don barewa ta koma ta tsaron gida, daga nan ta zarce fagen daga.

A watan Yulin 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan makaman da ke rura wutar yaƙin Sudan. Abin da ya fi ɗaukar hankali a ciki shi ne yawan makaman da suka shigo da sunan farauta. Akwai bindigogin Rasha samfurin Tigr da Saiga-MK, na kamfanin Kalashnikov, waɗanda ake tallata wa mafarauta da masu wasan harbi, amma aka gan su a hannun mayaƙan ɓangarorin biyu, wato soja da dakarun RSF. Akwai na farauta daga ƙananan kamfanonin Turkiyya. Sai kuma ƙananan bindigogin da ƙara kawai suke yi ba sa fitar da harsashi, su ma daga Turkiyya, waɗanda aka shigo da dubban ɗaruruwa. Irin wannan, da zarar gwanin ƙarfe ya sauya mata bututu ta zama mai kisa, kuma ba ta kai rabin tsadar ta gaske ba. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun daga 2004, Darfur kaɗai ya shafa, saboda haka kayan da aka sauke a Fot Sudan da takardar fatauci ba su karya wannan doka ba a ranar saukarsu.

Tun kafin yaƙi ƙasar a cike take. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 2.7 a hannun farar hula a Sudan, masu rajista a cikinsu ba su kai dubu goma ba. A watan Satumban 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta lalata guda 300,000 a Hajar al-Asal, arewa da babban birnin, aka yi ta ɗaukar hoto. Ko an ɗauka dukkansu daga wancan adadi aka cire, kaɗan aka rage.

Me ya sa mutumin Omdurman, wanda a da alfaharinsa shi ne yana barci a tsakar gida ƙofa a buɗe, ya fara cigiyar bindiga? Tsoro ya fara ne da 'yan fashin babur da ake kira Tis'a Tawila, masu fizgen waya da jaka da adda a hannu, waɗanda suka addabi birnin a shekarun da suka biyo bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019. Sai ranar 15 ga Afrilun 2023 ta zo, yaƙi ya ɓarke. 'Yan sanda suka ɓace daga titi. Fursunoni suka fice daga kurkukun Kobar da na al-Huda. Dakarun RSF, da mutanen gari ke kira Da'ama, suka shiga gidajen jama'a suka zauna, suka kwashe motoci da zinaren mata. Magidancin da ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka, ba wanda zai zarge shi don ya nemi abin kare iyalinsa.

Faɗuwar Wad Madani a watan Disamban 2023 ita ta mai da wannan buƙata siyasar hukuma. Aka shiga kiran abin da suka sa wa suna Mukawama Sha'abiyya, wato turjiyar jama'a, shugaban soja Janar Abdul Fattah al-Burhan ya yi maraba da ita, aka buɗe sansanonin horar da matasa 'yan sa-kai a jihohin da soja ke riƙe da su.

Bindigar ta yi wani amfani, gaskiya ce. Ɓarawon unguwa yana shakkar layin da matasa ke sintiri a cikinsa da dare, kuma 'yan sa-kai na cikin waɗanda suka taya soja ƙwato fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris ɗin 2025. Amma ƙaramar bindiga ba ta iya komai da motar Land Cruiser mai ɗauke da babbar bindigar doshka. A ƙauyen Wad al-Nura na jihar Jazira, a watan Yunin 2024, RSF ta kashe mutum fiye da ɗari a rana guda. A al-Sireha, cikin Oktoban wannan shekara, an sake kashe fiye da ɗari. A wurare irin waɗannan, 'yan bindigogin da ke hannun wasu mazauna sun zama hujjar da maharan ke kafawa cewa duk garin mayaƙa ne.

Ga Hausawan Sudan lamarin ya fi nauyi. Tushensu a ƙasar ya daɗe: ayarin alhazai masu tafiya Makka a ƙasa, da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Duk da haka har yau akwai masu yi musu kallon baƙi. A watan Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka fiye da ɗari, Hausawa suka yi zanga-zanga a Hartum da Kassala da Gadarif, rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Wanda ya sha wannan zai fi kowa jin cewa sai da makami. Sai dai shi ne kuma wanda in an sami bindiga a ɗakinsa ba a tsayawa jin bayaninsa. Unguwannin talakawa na kudancin Hartum, irin su Mayo, inda mutanen yammacin Sudan da masu asali daga Afirka ta Yamma suke da yawa, sun sha wuta daga sama lokacin da RSF ke riƙe da su. Harin kasuwar Goro da ke can a watan Satumban 2023 ya kashe aƙalla mutum 40. Bayan soja ya dawo, shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya yi tir a watan Afrilun 2025 da rahotannin kashe mutane ba shari'a a yankin Janub al-Hizam bisa zargin haɗa kai da RSF.

Sudan ta taɓa bin wannan hanya. A 1989 gwamnatin al-Bashir ta kafa rundunar Difa'ish Sha'abi ta raba wa farar hula makamai. A 2003 ta ɗaure wa mayaƙan Janjawid gindi a Darfur, a 2013 aka sa musu kaki aka kira su RSF, bayan shekara goma suka juyo kan Hartum. Mai karatu a Gusau zai tuna watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, babban hafsan tsaro Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A can ma an ga yadda 'yan sa-kai suka kare wasu ƙauyuka, suka kuma jawo wa wasu ramuwar gayya.

A watan Mayun 2025 soja ya bayyana cewa babu sauran RSF a jihar Hartum. Cikin Yuli al-Burhan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Janar Ibrahim Jabir don shirya dawowar jama'a, kuma cikin ayyukansa na farko har da fitar da ƙungiyoyi masu makamai daga birnin, saboda masu komawa gidajensu suna kukan fashi da bindiga. Kwamiti yana iya ba runduna umarni ta kwashe motocinta ta koma bayan gari. Ƙananan bindigogin da suka shigo da takardar farauta ko ta wasa kuwa ba a rubuta sunan mai su a ko'ina ba, kuma magidancin da aka wawashe gidansa a 2023 ba zai miƙa tasa ba sai ya ga ofishin 'yan sandan unguwarsa ya buɗe yana amsa kira da dare.