«Babban gari»: girman muƙami ko yawan jama'a?

Siffar «babba» tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa: girman abu da kuma girman matsayi. Shi ya sa masu fassara kan juya kalmar Faransanci *chef-lieu* da «babban gari», mai sauraro kuwa ya ɗauka gari mafi yawan jama'a ake nufi. Za mu gwada wannan fassara da misalai biyu daga jihar Maraɗi.

(1) A gundumar Gidan Rumji, hukuma a garin Gidan Rumji take zaune. Amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Tsibiri ta fi shi mutane, kuma a can fadar Sarkin Gobir take. In an ce «babban garin gunduma», Bagobiri na da hujjar kawo Tsibiri a ransa.

(2) Gazawa tana ƙarƙashin Agiye har 2011, lokacin da doka ta mai da ita gunduma mai zaman kanta. Garin bai ƙaru da gida ko ɗaya a ranar ba. Matsayinsa ne ya sake.

Ke nan doka ke ba gari muƙami, ba ƙidaya ba. Haka aka ɗauke mulki daga Zinder zuwa Yamai a 1926, daga Legas zuwa Abuja a 1991.

Don haka muna ba da shawara, a takardun hukuma da littattafan makaranta, a riƙa cewa «cibiyar mulki» a madadin *chef-lieu*, a bar «gari mafi yawan jama'a» ga sha'anin ƙidaya.