Uwargida, ba kowane ciwon ciki ba ne olsa

Ciki ya murɗa, ya kumbura kamar ganga, yau gudawa, jibi bayan gida ya yi tauri, sai an kewaya a ji sauƙi. Mata da yawa a Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda kan ce olsa ce ko basir, su yi ta shan filajil da jiƙe-jiƙe. Idan an shafe watanni a haka, yana iya zama ciwon da likitoci ke kira IBS: hanjin ba shi da rauni, sai dai bai jure wasu abinci. Ya fi kama mata, kuma jinin al'ada, fargaba da rashin barci na tayar da shi.

Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun nuna cewa wasu nau'o'in sukari ba sa narkewa sosai. Suna jawo ruwa cikin hanji, su haddasa iska. Suna cikin wake, albasa, tafarnuwa, alkama, madara, zuma, mangwaro da kankana. Ke nan ƙosai, alala, burodi da taliya abin lura ne. Yaji, maiƙo da lemon kwalba ma kan tsokano wasu.

Kada ki yanke su har abada. Ki rage su na mako 2 zuwa 6, ki riƙe tuwon shinkafa, gero, dawa, ƙwai, kifi, alayyafo da lemu. Daga nan ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku tsakani, kina rubutawa a wayarki. Wanda ya tayar da cikin, shi ne naki.

Dabarun madafa: ki soya albasa a mai ki tsame ta, ƙamshin zai zauna. Ki jiƙa wake ya kwana, ki zubar da ruwan. Kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki sha ruwa sosai.

Amma kada ki cire wake da nono daga kwanon yara. Suna buƙatarsu don girma. Mai ciki ko mai shayarwa kuwa ta fara tuntuɓar ma'aikaciyar lafiya.

Jini a bayan gida, rama, zazzaɓi, ciwon da ke tashinki da dare, ko amai da gudawa farat ɗaya, ba na gwajin abinci ba ne. Ki garzaya babban asibitin Zurmi ko mafi kusa da ke. Allah Ya ƙara mana lafiya.