Naman Rago Tsakanin Tukunya da Tukuba

A Sabangali, unguwar da ke bakin kogin Shari a birnin Njamena, naman rago ba baƙo ba ne. Shi ake yankawa ranar suna, shi ake nema lokacin layya, shi ne kuma ke ƙamshi a tukubar masu gashi da almuru. Ƙidayar dabbobi da aka kammala a Cadi a 2015 ta nuna tumakin ƙasar sun haura miliyan 26. Magidanci ya san yadda ake zaɓen rago, ya duba haƙori, ya dafa gadon baya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne abin da ke samun naman bayan ya hau wuta. Alhali in aka raba cinya gida uku, aka yi farfesu da kashi ɗaya, aka gasa ɗaya, aka soya ɗaya, amfanin da jiki zai samu daga kowanne ya bambanta.

Abu na farko da wuta ke kora shi ne ruwa. Kilo guda na ɗanyen nama yakan koma giram 700 zuwa 750 bayan ya dahu. Shi ya sa giram 100 na ɗanyar tsoka ke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 20, amma giram 100 na dafaffiya ya kai 25 ko fiye. Furotin ɗin yana nan yadda yake, wuri ne kawai ya matse masa. Zafi kuma yana sassauta shi, ciki ya fi saurin narkar da shi. Jijiya da guringuntsi, waɗanda haƙori ba ya iyawa da su, in sun daɗe suna dahuwa a ƙaramar wuta sai su narke su shiga romo. Su ne ke sa romon ƙafa ya daskare in ya huce.

Inda ake asara shi ne wajen bitamin na rukunin B. Naman rago na da wadatar bitamin B12, wanda jiki ke bukata don haɗa jini da lafiyar jijiyoyi. Giram 100 na iya biya wa baligi bukatarsa ta yini, kuma wannan bitamin yana da ɗan jure zafi. Bitamin B1 kuwa rago ne a gaban wuta, doguwar dahuwa na iya raba nama da kusan rabinsa. Wani ɓangare zafi ne ke lalata shi, wani kuma ficewa yake ya koma cikin ruwan tukunya tare da sauran 'yan uwansa. Saboda haka uwargidan da ta tafasa nama ta tsiyaye ruwan ta zubar kafin ta soya, ta zubar da wani kaso na abin da aka sayi naman dominsa. Wannan ruwan shi ya kamata ya zama tushen miyar kuɓewa ko ta yakuwa.

Akwai kuma batun kanwa, wadda ake haƙowa a yankin Kanem da gefen tafkin Cadi, take kuma da araha a kasuwannin Njamena. Wasu kan jefa ta a tukunya don nama mai tauri ya yi saurin laushi. Yana laushin kuwa, sai dai bitamin B1 ba ya shiri da kanwa ko kaɗan, tana hanzarta lalacewarsa. Haƙuri da ƙaramar wuta da rufaffiyar tukunya na yin aikin da kanwa ke yi ba tare da wannan ɓarna ba.

Sinadarin ƙarfe da na zink ba sa ƙonewa, sai dai su zarce cikin romo. Ƙarfen da ke cikin nama ya fi na hatsi da ganye saurin shiga jini, har ma yana taimaka wa jiki ya ɗebi na tuwo da miyar da aka ci tare da shi. Wannan babban abu ne ga mata masu juna biyu da yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi addaba. Sai dai a Njamena da wuya a ɗauke kwano ba a ɗora butar shayi ba, shayi kuwa yana tare ƙarfen hatsi da ganye ya hana shi shiga jiki yadda ya kamata. A jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci. Matsa lemun tsami a miya ko cin ɗanyen tumatir yana yin akasin aikin shayi.

Kitse ma makomarsa na hannun mai girki. Giram guda na kitse yana ba da kuzari fiye da ninki biyu na giram guda na furotin, kuma kitsen rago na cikin irin wanda yawansa ke ɗaga kitsen jini. A gashi, wani yana ɗiga ya tafi. A farfesu yana tasowa sama, in romo ya huce ana iya kwashe shi da ludayi. A suyar layya kuwa, inda ake soya nama cikin kitsensa har ya bushe don ya yi makonni, naman shanye man yake yi. Busasshen nama irin sharmut na mutanen Cadi da kilishinmu suna riƙe furotin da ƙarfe sosai, amma mai hawan jini ya kula da gishirin da ke cikin yajin.

Babban abin lura yana kan tukuba. A 1977 masani ɗan Japan Takashi Sugimura da abokan aikinsa suka gano cewa ƙonannen gefen nama da kifi yana ɗauke da sinadarai masu iya lalata ƙwayoyin halitta. Suna samuwa ne in zafi ya zarce digiri 150, kuma suna ƙaruwa in nama ya daɗe a wuta. Wasu kuma daga hayaƙi suke zuwa: kitse ya ɗiga kan garwashi, harshen wuta ya tashi, hayaƙin ya manne wa naman. Ruwan tukunya ba ya wuce digiri 100, shi ya sa farfesu ya kusan kuɓuta daga wannan. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton yawan cinsu na jawo ciwon daji, musamman na hanji. Masana na ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako.

Ba wanda ya ce a daina cin balangu. A bar wuta ta lafa ta zama garwashi kafin a ɗora nama, a rage kitse, a riƙa juyawa akai-akai, a yanke inda ya yi baƙi a yar. Jiƙa nama da lemun tsami, tafarnuwa, citta da albasa kafin gashi yana rage waɗannan sinadarai. Babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya ko leda kuwa zuba guba ne a abinci, a yi da itace.

Tsoron ƙonewa kuma kada ya kai mu ga cin nama da jini-jini. Naman mayanka likitan dabbobi na duba shi, ragon da aka yanka a ƙofar gida kuwa ba mai duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafi ya ratsa abinci har digiri 70 kafin a amince ƙwayoyin cuta sun mutu, wato ruwan naman ya fito garau ba ja ba. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, in za a ci ragowa a sake tafasa ta sosai. Mai juna biyu ta guji naman da bai dahu ba, ta kuma taƙaita hanta, domin yawan bitamin A da ke cikinta na iya cutar da ɗan tayi.

Don haka uwargida da mai tukuba, amanar lafiyar masu ci tana hannunku. A dafa nama ya dahu har ciki, kada a bari ya ƙone, a ajiye kanwa gefe, romo kuma a zuba wa yara da masu jego su sha.