Laka da Ciyawa: Ƙarfin Rufewa

Manoman Kurfai, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa. Iska na kwaso tsakuwa, wani lokaci har da ƙanƙara, ta jefi bangon rufewa da ƙarfi. Me ya sa wata rufewa ke fashewa, wata kuma ta tsaya?

Amsar tana cikin kwaɓi. Laka zalla tana da tauri, amma in ta tsage, tsagar sai ta zarce har ƙasa. In an cuɗa ta da ciyawa da kashin shanu, kowane sili yana riƙe bakin tsagar. Ƙarfin dukan sai ya rarrabu, ɓarna ta tsaya wuri guda.

Masu ƙera jirgin sama ma wannan dabara suke bi. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne na zare mai ƙarfi da danƙo. An gina shi don ya jure karo da tsuntsu yana cikin gudu.

Amma a kula, irin wannan haɗi yana ɓoye ciwonsa. Waje lafiya, ciki ya ɓamɓare. Masu duba jirgi sukan ƙwanƙwasa jikinsa su saurara.

Ku ma a Filinge da ƙauyukanta, bayan kowane babban hadari, ku ƙwanƙwasa bangon gabas da ƙotar fartanya. Inda ya yi amo kamar ganga, ku kankare ku sake yaɓe. In ruwa ya shiga, hatsin shekara ne zai ruɓe.