Makarantar da ɗalibai ke kwana a barga don koyon karɓar haihuwar goɗiya

Goɗiya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 340, wato wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki. Amma da zarar faya ta fashe, cikin minti 20 zuwa 30 ya kamata ɗan ya faɗo. Idan ya zo a karkace kuma babu wanda ya iya gyara shi a kusa, ana iya rasa shi, wani lokaci har da uwar. Ga shi kuma yawanci da tsakar dare take haihuwa, lokacin da barga ta yi tsit.

Wannan ne ya sa gidan kiwon dawaki na gwamnatin ƙasar Ailan, wato Irish National Stud da ke Tully a gundumar Kildare, bai tsaya ga karatun aji kaɗai ba. Tun 1971 yake karɓar matasa daga ƙasashe daban-daban su zauna a gonar daga watan Janairu zuwa tsakiyar shekara, daidai lokacin barbara da haihuwa. Da rana suna sharar barga da ba da abinci da riƙe dawaki, sannan su saurari darasi daga likitocin dabbobi. Da dare kuma ana raba musu gadin goɗiyoyin da suka kusa haihuwa.

A wajen gadin nan ne ido ke buɗewa. Ɗalibi zai ga yadda hantsa ke cika, da ɗan danƙo mai kama da kakin zuma da ke taruwa a bakin nono idan haihuwa ta matso. Zai ga goɗiya tana gumi, tana kwanciya tana tashi. A haihuwar da ta zo daidai, wata farar jaka ce ke fara leƙowa, sai kofatan gaba biyu, ɗaya ya ɗan riga ɗaya, sannan hanci a kansu. Idan kuwa jar jaka ce ta fito, mabiyiya ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba, ɗan ba ya samun iska, dole a yaga ta nan take. Wanda a littafi kawai ya karanta wannan, kafin ya gama tunani an yi asara.

Bayan haihuwa akwai ƙa'idar da masu kiwo ke haddacewa: cikin awa ɗaya duƙushi ya miƙe, cikin awa biyu ya kama nono, cikin awa uku mabiyiya ta faɗo. Batun nonon ba na wasa ba ne. Ɗan doki ba ya samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki, sai daga dakashi, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar ta.

Tun kafin cikin ma akwai aiki. Goɗiya tana neman barbara duk bayan kimanin kwana 21, kuma kwana biyar zuwa bakwai kaɗai take yarda da ingarma. A wajen dawakin tsere na Thoroughbred an haramta ɗura maniyyi da hannu, sai an kai ta ga ingarman, don haka kuskuren kwana biyu na iya jawo jiran mako uku. Bayan mako biyu da barbara ana yi mata hoton ciki don a duba ko tagwaye ne. Abin da ake murna da shi a wajen tunkiya, a wajen goɗiya masifa ne, domin galibi ɓari take yi. Shi ya sa likita ke cire ɗaya tun da wuri.

A Arewacin Najeriya, inda doki ke da daraja a hawan sallah da wasan folo, ingarmu ne suka cika bargogin sarakuna da hakimai, kuma da yawansu daga Nijar da Chadi da Sudan ake kawo su. Yaran barga sun ƙware a wanka da ɗaura sirdi da horarwa, amma wanda ya shekara goma yana kula da ingarma zai iya kasancewa bai taɓa tsayawa kan goɗiya mai naƙuda ba.