Daga macijin Makurɗi zuwa jakin Tozai: Wace dabba ce ke cin kuɗi?

A garin Tozai da ke Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kowace dabba da aikin da aka san ta da shi. Jaki ya ɗauko ruwa da taki, shanun huɗa su ja garma, raƙumi ya yi dakon buhunan gero, akuya kuma ita ce asusun uwargida ranar da lalura ta taso. Duk ranar Lahadi akan kora wasunsu zuwa babbar kasuwar dabbobi ta Illela, inda fatake ke haɗuwa daga Birnin Ƙonni da sauran sassan Nijar har zuwa kudancin Najeriya. Ba a taɓa jin ɗaya daga cikin dabbobin nan ta haɗiye kuɗin cinikinta ba. A manyan birane kuwa, irin wannan zargi ya sha hawa kan dabbobi.

A watan Janairun 2009, 'yan sintiri a Ilorin ta Jihar Kwara suka miƙa wa 'yan sanda wata akuya, suna cewa ɓarawon mota ne ya rikiɗe da aka biyo shi. Akuyar ta kwana a hannun hukuma, labarinta kuma ya zaga duniya.

A watan Fabrairun 2018 aka ruwaito cewa wata ma'aikaciyar Hukumar JAMB a Makurɗi ta Jihar Binuwai ta ce maciji ne ya yi gaba da Naira miliyan 36 na kuɗin sayar da katunan jarrabawa. Daga baya ta musanta faɗin haka, amma Hukumar EFCC ta gurfanar da ita a kotu a 2019. A cikin watan da labarin macijin ya ɓulla, Sanata Shehu Sani ya shaida wa 'yan jarida cewa ana raɗe-raɗin birai sun kwashe Naira miliyan 70 na Ƙungiyar Sanatocin Arewa daga wata gona.

Kano ma ta samu nata rabo a watan Yunin 2019, lokacin da aka ce goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 da gidan namun daji na Audu Bako ya tara a bukukuwan Sallah. Gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya ce ko goggon birin ma babu shi a gidan. Sai kuma watan Agustan 2022, da Hukumar NSITF ta faɗa wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa gara ta cinye takardun shaidar kashe sama da Naira biliyan 17.

Idan aka auna waɗannan zarge-zarge da halittar dabbobin, yawancinsu ba sa tsayawa. Naira miliyan 36 a 'yan dubu-dubu takardu 36,000 ke nan, kuma da yake kowace takarda na da nauyin kusan giram ɗaya, jimillar ta kai wajen kilo 36. Gaskiya ne mesa na iya haɗiye ɗan akuya ɗungurungum, saboda muƙamuƙanta ba a manne suke ba, suna buɗewa sosai. Sai dai maciji nama kawai yake ci, da harshensa yake sunsuno abin farauta, takarda kuwa ba ta cikin abincinsa. Shi kuma goggon biri ganye da 'ya'yan itace ne cimarsa.

Gara ce kaɗai ake iya kamawa da laifi. Takarda daga itace ake yin ta, gara kuwa tana da ƙananan halittu a cikinta da ke taimaka mata narkar da itace. Duk manomin Tozai ya san haka, shi ya sa yake ɗora rumbunsa a kan duwatsu, yana kuma leƙa shi a kai a kai. Wanda ya ajiye shaidar biliyoyi inda gara za ta kai gare ta, shi ma yana da amsar da zai bayar, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai dai dabba guda da batun kuɗi ya shafa da gaske, kuma ita ce ake ci. Jaki ne. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro da ake kira ejiao, wanda ake amfani da shi a magungunan gargajiya da kayan gyaran jiki. Da jakunan can suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2016 gwamnatin Nijar ta haramta fitar da jakuna bayan an fitar da kimanin 80,000 cikin watanni tara, alhali a duk shekarar 2015 an fitar da 27,000 ne. Burkina Faso ma ta ɗauki irin wannan mataki a shekarar. A watan Fabrairun 2024, shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da a hana yanka jakuna domin fatarsu a duk faɗin nahiyar.

Dalilin damuwar yana cikin haihuwar jaki. Jaka takan ɗauki ciki na kimanin wata 12, ta haifi ɗa guda, don haka ba ta iya mayar da gurbin waɗanda ake yankawa da sauri. Da zarar jakuna sun ragu a kasuwannin kan iyaka irin ta Illela, farashi sai ya tashi, ƙaramin manomin da jakinsa ya mutu ko aka sace ya kasa sayen wani. Daga nan ɗaukar ruwa da itace sai ya koma kan mata da yara, wani yaron ma har ya rasa zuwa makaranta.

Saboda haka, duk ranar da aka sake jin wata dabba ta haɗiye miliyoyi, masu bincike su fara da mai riƙe da makullin ofis. Mai jaki a Tozai kuwa ya ƙara ƙarfin turke, ya kuma san wanda ke taya jakinsa ranar Lahadi.