Karatun Kimiyyar Ƙwaƙwalwa Bayan Digiri Na Farko: Yadda Tafiyar Take

Yau magana ce a kan karatun kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a matakin mastas da digirin digirgir, musamman ga ku 'yan uwana da kuka gama anatomi, fiziyoloji, bayokemistiri ko famasi, kuna zaune kuna tunanin ina za a dosa.

Da farko mu raba abu biyu. Likitan ƙwaƙwalwa daban, mai binciken ƙwaƙwalwa daban. Likita yana duba mara lafiya a asibiti. Mai bincike kuwa yana ɗakin gwaje-gwaje yana neman dalilin cutar da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Saboda haka ba sai ka karanta likitanci ba. Har wanda ya karanta lissafi, kwamfuta ko ilimin halayyar ɗan Adam yana da wuri a nan.

To me ya sa abin ya shafe mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, irin namu. Har kashi 70 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Amma mu nan sau da yawa ɓoye yaron ake yi a gida, ya rasa makaranta, ya rasa magani. Ga shanyewar ɓarin jiki, ga cutar mantuwa ta tsofaffi, ga tiramol da kodin da ke cinye samarinmu. Duk waɗannan aikin wannan fanni ne.

Yanzu yadda karatun yake. Mastas shekara 1 ne ko 2: darussa, sai bincike. A Ingila digirin digirgir kan ɗauki shekara 3 zuwa 4, kuma yawanci kai tsaye kake shiga bincikenka. A Amurka kuwa shekara 5 zuwa 6 ne. Shekarar farko za ka zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ka zaɓi malamin da zai riƙe ka, sannan akwai jarrabawar tantancewa kafin ka duƙufa kan aikinka. Yawancin jami'o'in can ba ka biyan kuɗin makaranta a wannan matakin, su ne ma ke ba ka alawus.

Aikin yau da kullum fa? Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba za ka buɗe kan mutum don gwaji ba. Shi ya sa ake aiki da ɓeraye, da ƙananan kifaye, da ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen ayaba. Za ka koyi yanka nama siriri ka duba a madubin ƙara girma, ka auna wutar da ke gudana a jijiya, ka tace bayanai da Python. Sai haƙuri, domin gwaji kan ƙi ci wata da watanni.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Dakta Mahmoud Bukar Maina anatomi ya karanta a Jami'ar Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila kan cutar mantuwa, sannan ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Ƙungiyoyi irin su IBRO da TReND in Africa kuma suna shirya horo na ɗan gajeren lokaci ga ɗaliban Afirka.

Shawarata: kafin ka nemi tallafin Commonwealth ko DAAD, ka samu ɗakin bincike ka yi aiki da hannunka, ko na sa kai ne. Ka karanta takardun malamin da kake so kafin ka tura masa imel, ka faɗa masa tambayar da kake son amsawa. Malamai uku da suka san aikinka da gaske za ka nema su rubuta maka shaida, tun da wuri.

Wanda ya san ɗalibin da wannan zai amfana, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.